Digiri, Unguwannin Masu Hali da Zaɓen Rabin Wa'adi a Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin da zaɓen rabin wa'adi ya ƙarato a Amurka, masu sharhi ba su da zance sai na mutum iri biyu: mai digiri da marar digiri. Ba su kuma da wurin da suke zuba wa ido kamar unguwannin masu hali da ke kewaye da manyan birane. Ga amsoshin tambayoyin da masu bin labaran ƙasar suka fi yi a kan wannan.

Mene ne zaɓen rabin wa'adi, tunda ba shugaban ƙasa ake zaɓa ba?

Shugaban Amurka yana yin shekara huɗu, amma ɗan Majalisar Wakilai shekara biyu kacal yake yi. Saboda haka idan shugaba ya ci rabin wa'adinsa, duka kujeru 435 na Majalisar Wakilai sai an sake zaɓensu. A ranar ne kuma ake zaɓen kusan kashi ɗaya cikin uku na sanatoci 100, da gwamnonin jihohi 36, da dubban 'yan majalisun jihohi. Ana yin sa ne ranar Talatar da ta biyo bayan Litinin ta farko a watan Nuwamba. Na 2026 ya faɗo ranar 3 ga wata.

Jam'iyyar da ta samu kujeru 218 ita ke riƙe da lalitar gwamnati, ita ke kiran ministoci su amsa tambayoyi, ita ce kuma ke iya fara shirin tsige shugaban ƙasa. Shi ya sa shugaba ba ya barci a shekarar, ko da sunansa ba ya kan takardar ƙuri'a.

Da gaske ne jam'iyyar shugaban ƙasa kullum kaye take sha?

Kusan kullum. A 1994, zamanin Bill Clinton, 'yan Democrat sun rasa kujeru 54. A 2010, zamanin Obama, sun rasa 63. A 2018 'yan Republican ne suka rasa kimanin 40 a ƙarƙashin Trump. Lokutan da jam'iyya mai mulki ta ƙara kujeru a Majalisar Wakilai ba su da yawa: 1934, da 1998, da 2002 bayan harin 11 ga Satumba. Wanda aka kayar a zaɓen shugaban ƙasa yana da haushi, haushi kuwa yana fitar da mutum daga gida. Wanda ya ci ya riga ya samu abin da yake so, sai ya yi kwanciyarsa.

To ina ruwan digiri da ƙuri'a?

A da, idan kana son ka san jam'iyyar Bature ɗan Amurka, albashinsa za ka tambaya. Likita da lauya da manajan banki 'yan Republican ne, ma'aikacin masana'anta mai katin ƙungiyar ƙwadago kuwa ɗan Democrat ne. Ko a 2012 Mitt Romney, ɗan takarar shugaban ƙasa na Republican, ne ya ci yawancin ƙuri'un farar fata masu digiri, duk da ya faɗi zaɓen.

Daga 2016 abin ya juye. Yanzu tambayar da ta fi saurin nuna maka inda Bature ya dosa ita ce ko ya gama jami'a. A 2020 kusan biyu cikin uku na farar fata marasa digiri Trump suka zaɓa, yayin da yawancin masu digiri suka bi Biden. A 2024 ma masu digiri sun bi Kamala Harris, marasa digiri suka bi Trump, kuma wannan karon tsagar ta shiga har cikin 'yan asalin Latin Amurka. Gundumar Starr da ke bakin iyakar Texas da Meziko, inda kusan kowa ɗan asalin Latin ne, ta zaɓi ɗan Republican a karon farko cikin sama da shekara ɗari.

Abin lura shi ne masu digiri ba su ne suka fi yawa ba. Cikin Amurkawa 'yan shekara 25 zuwa sama, waɗanda suka yi digirin farko ba su kai huɗu cikin goma ba. Jam'iyyar da ta dogara da su kaɗai ba za ta kai bantenta a zaɓen shugaban ƙasa ba. Zaɓen rabin wa'adi kuwa lissafinsa daban ne, za mu zo kansa.

Waɗanne irin unguwanni ne ake magana a kansu?

Kada mai karatu ya ɗauko hoton gefen gari irin namu, inda wanda haya ta gagara a cikin birni yake komawa. A Amurka akasin haka ne. Ka ɗauka GRA ce aka shimfiɗa ta tsawon mil talatin ta kewaye birni: gida ɗaya, iyali ɗaya, da gareji da ciyawa a gaba.

Asalinsu bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne. Dokar 1944 ta ba sojojin da suka dawo rancen gida mai sauƙi, dokar 1956 ta shimfiɗa manyan tituna. A Levittown da ke tsibirin Long Island a jihar New York an fara gini a 1947, aka gina gidaje sama da dubu goma sha bakwai, kuma takardun yarjejeniyar sun haramta wa wanda ba farar fata ba zama a ciki. Farar fata suka yi ta ficewa daga birane suna barin baƙar fata a ciki. Dokar 1968 ta haramta wariya a harkar gidaje, amma tsarin ya riga ya kafu.

Abu ɗaya da ya kamata a riƙe: a Amurka kaso mai tsoka na kuɗin makarantun gwamnati daga harajin gidaje na yankin yake fitowa. Unguwa mai tsadar gidaje tana da makaranta mai kyau, makaranta mai kyau kuma tana ƙara wa gidajen tsada. Mutum yakan ci bashin shekara talatin don ɗansa ya shiga wata makaranta. Don haka duk wanda ya taɓa makaranta, ko harajin gida, ko dokar da ta hana gina bene mai ɗakunan haya a unguwar, ya taɓo mutanen nan a inda ke musu ciwo, ko wace jam'iyya suke yi.

Yau ba farar fata kaɗai ke cikinsu ba. Gwinnett a gefen Atlanta da Fort Bend a gefen Houston cike suke da 'yan Indiya, 'yan Koriya, 'yan Latin da 'yan Afirka.

Yaushe suka juya wa Republican baya?

An ga alama a 2016, amma a 2018 ne abin ya fito fili. Gundumar Orange a Kalifoniya, mahaifar tsohon shugaban ƙasa Richard Nixon na Republican, ba ta zaɓi ɗan Democrat a matsayin shugaban ƙasa ba tun 1936, sai da Hillary Clinton ta ci ta a 2016. Bayan shekara biyu 'yan Democrat suka kwashe duka kujeru bakwai na majalisa da suka shafi gundumar.

Haka aka yi a wurare da dama. Mazaɓa ta shida a Jojiya, wadda tsohon kakakin majalisa Newt Gingrich na Republican ya taɓa riƙewa, ta faɗa hannun Lucy McBath ta Democrat. A Houston, Lizzie Fletcher ta karɓe kujerar da George Bush babba ya taɓa zama a kai. A Dallas, Colin Allred ya kayar da Pete Sessions. A jihar New Jersey 'yan Republican sun shiga zaɓen da kujeru biyar suka fito da ɗaya, a Kalifoniya kuma daga goma sha huɗu suka koma bakwai.

Dalilai sun haɗu. Akwai ƙyamar halin Trump da kalamansa, musamman wajen mata masu digiri. Akwai yunƙurin soke dokar inshorar lafiya ta Obama. Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba don ba shi da daɗin ji: dokar haraji ta 2017 ta taƙaita adadin harajin jiha da na gida da mutum zai iya cirewa daga lissafin harajin tarayya zuwa dala dubu goma. Wannan bai shafi mai shago a ƙauyen Alabama ba, amma ya shiga aljihun mai babban gida a New Jersey. Ni dai ban yarda da masu cewa tsantsar aƙida ce ta juya mutanen nan ba. Ai kuwa a 2025 'yan Republican masu wakiltar irin waɗannan unguwanni suka tirje, sai da aka ɗaga adadin zuwa dala dubu arba'in.

'Yan takarar da Democrat ta tsayar ma ba masu zafin ra'ayi ba ne. Abigail Spanberger tsohuwar jami'ar CIA ce, Mikie Sherrill kuma tsohuwar matuƙiyar jirgi mai saukar ungulu ce a sojan ruwa. Dukansu a zaɓen 2018 suka ci kujerar majalisa, dukansu kuma suka ci zaɓen gwamna a Nuwamban 2025, ɗaya a Virginia, ɗaya a New Jersey.

Ke nan Democrat ta zama jam'iyyar masu kuɗi, Republican ta talakawa?

'Yan Republican haka suke so a ce, kuma suna da hujja: yawancin mazaɓun da suka fi arziki a ƙasar yau 'yan Democrat ke wakiltarsu. Amma digiri da dukiya ba tagwaye ba ne. Malamar firamare mai digiri biyu da ƙaramin albashi tana Democrat. Mai kamfanin gyaran famfo ko dillalin motoci da bai shiga jami'a ba amma yana da ma'aikata ashirin, shi ne ƙashin bayan Republican a garinsa. Baƙar fata masu ƙaramin ƙarfi a birane kuwa har yanzu yawancinsu Democrat suke zaɓa. Kowace jam'iyya tana da attajiranta da talakawanta, sai dai irinsu ya bambanta.

Idan masu ilimi sun fi bin Democrat, ba yana nufin magoya bayanta sun fi sanin ya kamata ba?

Wannan ce maganar da ta fi jawo zage-zage tsakanin magoya bayan jam'iyyun, kuma ita ce ta fi rauni. Lokacin da masu digiri ke bin Reagan da Romney, 'yan Democrat ba su ce ilimi ne ya kai su can ba, son kai suka kira shi. Yanzu da suka dawo gidansu sai abin ya zama wayewa. Su ma 'yan Republican da suke tinƙaho da mutanen nan a da, yau suna cewa jami'o'i sun wanke musu ƙwaƙwalwa.

Digiri yana nuna inda mutum yake zaune, da irin aikinsa, da waɗanda yake hulɗa da su, da yadda yake kallon baƙin haure da addini da bindiga. Ba ya nuna cewa ya fi wani sanin abin da ke damunsa. Ma'aikacin da aka rufe masana'antar garinsu aka kai ta Meziko ba ya buƙatar malamin jami'a ya fassara masa abin da ya same shi.

Raini kuma yana da tsada. A 2008 Obama ya ce mutanen ƙananan garuruwa suna maƙale wa bindiga da addini ne saboda takaici. A 2016 Hillary Clinton ta kira rabin magoya bayan Trump abin ƙyama. Trump kuwa a shekarar, bayan ya ci zaɓen fid da gwani a Nevada, cewa ya yi yana son marasa zurfin ilimi. 'Yan Democrat suka yi ta dariya, waɗanda ake magana a kansu kuma suka ji wani ya kula da su. Abin dariyar na gaske shi ne masu jagorantar yaƙi da jami'o'in a Republican su ma can suka fito: JD Vance ya yi karatun lauya a Yale, Ted Cruz ya yi Princeton da Harvard, Ron DeSantis ya yi Yale da Harvard.

Me ya sa wayar da kan masu zaɓe ma ya zama abin faɗa?

Domin Amurka ba ta da hukumar zaɓe ta ƙasa irin INEC. Jihohi da gundumomi ne ke gudanar da zaɓe, kowa da dokarsa. A wata jiha kana iya yin rajista ranar zaɓe, a wata sai da kusan wata guda kafin nan, North Dakota kuwa ba ta da rajista kwata-kwata. Oregon da Colorado suna aika wa kowa takardar ƙuri'a ta gidan waya. Jami'in da ke shugabantar zaɓe a jihohi da yawa shi ma ɗan jam'iyya ne da aka zaɓa. A irin wannan tsari, wanda ya gaya wa mutane inda za su je da takardar da za su riƙe yana iya sauya sakamako, saboda haka kowa na zargin kowa.

A 2020, lokacin annobar korona, Mark Zuckerberg da matarsa Priscilla Chan sun ba da kimanin dala miliyan 400, mafi yawa ta hannun wata ƙungiya mai zaman kanta, don taimaka wa ofisoshin zaɓe. 'Yan Republican suka ce kuɗin ya fi kwarara zuwa biranen Democrat, kuma jihohi sama da ashirin suka haramta karɓar irin wannan gudummawa. A Maris na 2021 Biden ya umarci hukumomin tarayya su taimaka wa jama'a yin rajista, Trump ya soke umarnin da ya dawo a Janairun 2025. Jojiya ta yi doka a 2021 da ta hana ƙungiyoyi raba ruwa da abinci ga masu layin zaɓe. Florida ta tsananta tara a kan ƙungiyoyin da ke yi wa mutane rajista.

'Yan Democrat suna kiran wannan danne ƙuri'a. 'Yan Republican suna cewa kare mutuncin zaɓe ne, kuma maganarsu ta neman katin shaida tana da karɓuwa wajen yawancin Amurkawa.

Me zai hana a yi wa mai zaɓe jarrabawa kawai?

An taɓa yi. Daga 1890, jihohin kudu irin su Mississippi sun sa sharaɗin karatu da fassara wani sashe na tsarin mulkin jiha. Magatakarda Bature ne ke yanke wanda ya ci, sai ya kayar da malamin makaranta baƙar fata ya wuce da Baturen da ko sunansa ba ya iya rubutawa. Kafin dokar 'yancin zaɓe ta 1965, baƙar fata masu rajista a Mississippi ba su kai bakwai cikin ɗari ba, bayan shekara biyu suka kusa sittin cikin ɗari. An hana jarrabawar a duk ƙasar a 1970, aka tabbatar da hanin a 1975.

Shi ya sa da Vivek Ramaswamy, mai neman takarar shugaban ƙasa a Republican a lokacin, ya kawo shawara a 2023 cewa 'yan ƙasa da shekara 25 kada su yi zaɓe sai sun ci jarrabawar sanin ƙasa ko sun yi aikin soja ko na agaji, maganar ba ta je ko'ina ba. Ko ɗan takara ma tsarin mulkin Amurka bai nemi takardar makaranta daga gare shi ba, saɓanin na Najeriya na 1999 da ya nemi shaidar karatun sakandare ko makamancinsa.

Wa ke cin riba idan mutane ba su fito ba?

Nan ne lissafin ya juye, kuma a ganina duka jam'iyyun ba su gama farga ba. A zaɓen shugaban ƙasa na 2020 kusan kashi 66 cikin ɗari na masu haƙƙin zaɓe sun fito. A na rabin wa'adi kuwa, 2014 bai kai kashi 37 ba, 2018 ya kai kusan 50, 2022 kimanin 46. Waɗanda ba sa fashi su ne tsofaffi, masu gidan kansu, masu digiri, waɗanda suka daɗe a adireshi ɗaya kuma fasfo da lasin tuƙi na cikin durowa. A 2010 da 2014 mutanen nan na Republican ne, shi ya sa aka ɗauka ƙarancin fitowa ribarta ce.

Yanzu kaso mai yawa daga cikinsu sun koma Democrat, Trump kuma ya jawo matasa maza da ma'aikata waɗanda ba sa fitowa sai sunansa na kan takarda. Dubi zaɓen alƙalin Kotun Ƙolin Wisconsin a Afrilun 2025. Trump ya ci jihar watanni biyar kafin nan, Elon Musk da ƙungiyoyinsa suka zuba sama da dala miliyan ashirin, amma Susan Crawford da 'yan Democrat ke mara wa baya ta ci da ratar kusan kashi goma. Binciken cibiyar Pew kuma ya nuna waɗanda ba su yi zaɓe ba a 2024 sun ɗan fi karkata ga Trump.

Ke nan dokar da ta ce sai ka kawo takardar haihuwa ko fasfo kafin rajista, irin wadda Majalisar Wakilai ta amince da ita a Afrilun 2025, ba za ta wahalar da lauyar da ke zaune a gefen Philadelphia ba. Direban babbar mota a ƙauye da bai taɓa yin fasfo ba ne za ta iya tarewa. Haka ƙungiyar da ke bi gida-gida tana rajistar marasa sha'awar siyasa, ba lallai Democrat take tara wa ƙuri'a ba. Amma kowane ɓangare na nan riƙe da matsayinsa na shekara goma sha biyar da suka wuce.

Shin unguwannin sun zama na Democrat har abada?

A'a. Biden ya ci Virginia da ratar kashi goma a 2020, bayan shekara ɗaya Glenn Youngkin na Republican ya ci gwamna. Iyaye sun fusata da daɗewar rufe makarantu da abin da ake koyarwa, abokin takararsa Terry McAuliffe kuma ya ce a muhawara bai kamata iyaye su riƙa gaya wa makarantu abin da za su koyar ba. A 2022 tsoron masu laifi da tsadar rayuwa sun mayar da Long Island da kwarin Hudson na jihar New York hannun Republican, har Mike Lawler ya kayar da Sean Patrick Maloney, mutumin da ke jagorantar yaƙin neman zaɓen 'yan majalisar Democrat na ƙasa baki ɗaya. Majalisar ta tashi Republican 222, Democrat 213, kujerun New York na cikin waɗanda suka yanke hukunci.

A shekarar dai, hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yuni da ya soke 'yancin zubar da ciki na 1973 ya riƙe wa Democrat mata a Michigan da Pennsylvania, guguwar da Republican ke jira ba ta zo ba.

Ina batun yanka mazaɓu?

A yawancin jihohi majalisar jiha ce ke zana taswirar mazaɓu, kuma a 2019 Kotun Ƙoli ta ce kotunan tarayya ba su da hurumin hana zanen da aka yi don fifita jam'iyya. Dabarar ita ce a yanka unguwar da ta juya a haɗa kowane yanki da ƙauyuka, ko a cusa duka 'yan adawa a mazaɓa ɗaya. A 2025 Texas ta sake zana taswirarta don neman ƙarin kujeru biyar, Kalifoniya ta rama da nata ta hanyar ƙuri'ar raba gardama. Sakamakon haka kujerun da ake fafatawa da gaske 'yan goma-goma ne cikin 435, kuma da yawansu a gefen birane suke. Can ne kuɗin talla ke tafiya.

Musulmi da 'yan Afirka da ke waɗannan unguwanni fa?

Wanda ya zama ɗan ƙasa ne kawai ke zaɓen tarayya, mai katin zama ba ya yi. 'Yan Najeriya suna da yawa a kewayen Houston, Dallas, Atlanta da jihar Maryland, kuma suna cikin baƙin da suka fi yawan digiri. Amma mai digirin da ke zuwa masallaci ko coci duk mako ba ya shiga lissafin nan cikin sauƙi.

A gundumar Montgomery ta Maryland, mai arziki kuma gidan Democrat, hukumar makarantu ta soke damar da iyaye ke da ita ta cire 'ya'yansu daga darussan da ake karanta littattafan da ke magana kan auren jinsi, a 2023. Iyaye Musulmi da Kiristocin Habasha ne suka cika ƙofar hukumar suna zanga-zanga, aka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta ba iyayen gaskiya a Yunin 2025. A Dearborn ta Michigan kuma, inda Larabawa suka fi yawa, fushin yaƙin Gaza ya sa Trump ya zo na ɗaya a 2024, a garin da Biden ya ci da rata mai yawa shekara huɗu kafin nan.